Kurmin da ke cikin Arewa: dajin Kagoro-Nindam da gayyar da yake jira

Idan Bahaushe ya ce wane ya tafi kurmi, ba sai an tambaya ba, Kudu ake nufi: Ikko, Badun, Shagamu, Anacha ko Fatakwal. Mu da muke zaune a nan har sunan ya bi mu, ana ce mana 'yan kurmi. Amma asalin kalmar daji ne, daji mai duhuwa wanda itatuwansa suka haɗe kai a sama har rana ba ta sauka ƙasa sosai, ƙasarsa kullum da danshi. Kakanninmu fatake da suka biyo goro su ne suka ga irin wannan daji a Kudu, sai sunansa ya zama sunan ƙasar baki ɗaya.

To akwai guntun irin wannan kurmi a cikin Jihar Kaduna, kusa da garin Kagoro, wanda tsakaninsa da Kafanchan 'yan mintoci ne a mota. Sunansa a takarda gandun dajin Kagoro-Nindam. Da yawa daga cikinmu sun sha wucewa ta gefensa ba su sani ba, ko a motar dare daga Gabas, ko a da can lokacin da jirgin ƙasa ke tasowa daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya tsaya a Kafanchan, tashar da tun 1927 ta zama mahaɗar layukan dogo. Dajin nan yana raguwa shekara da shekara. Kuma mafi yawan aikin da zai tsare abin da ya rage, aiki ne da gwamnati ba ta da isassun hannuwan yin sa, sai mutane sun sa kansu.

Yadda aka yi kurmi ya samu a nan

Duwatsun Kagoro su ne bakin tsaunukan Jos ta kudu maso yamma. Iskar damina da ke tasowa daga teku ɗauke da laima tana isowa nan ta ci karo da dutse, ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke ruwanta. Shi ya sa Kafanchan da kewayenta suka fi Kaduna da Zariya samun ruwan sama, damina ta riga sauka kuma ta daɗe ba ta ɗauke ba. Shi ya sa citta take yi a yankin, ga kwakwar manja a bakin rafuka, ga atile. A cikin kwaruruka da gindin duwatsu, inda danshi ke daɗewa kuma wutar daji ba ta cika shiga ba, sai manyan itatuwan Kudu irin su loko suka samu wurin zama, alhali a kewaye da su dajin Arewa ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa. Kamar tsibiri ke nan. (Kada mutanen Kafanchan su ce ai suna da loko a cikin gari. Lokon Bayan Loko na jirgin ƙasa ne, ba itace ba.)

Ruwan da ke tsattsafowa daga waɗannan duwatsu shi ne yake gangarawa ya faɗa a Matsirga, inda matasa ke zuwa ɗaukar hoto lokacin bukukuwa. Daji shi ke riƙe ruwan sama ya shiga ƙasa a hankali, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. In aka aske gangaren dutse, ruwan zai zo gaba ɗaya a Agusta da jan laka, ya kwashe ƙasar gona, Fabrairu na yi rafi ya ƙafe.

Gandun daji a matsayin doka Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi, da dokokin daji irin na 1916 da 1937. A zamanin En'e akwai malaman daji da kowa ke shakka, kama mutum da ɗanyen itace ba wasa ba ne. Yau gandun daji na hannun gwamnatocin jihohi. Ya bambanta da irin Kamuku ta Birnin Gwari, wadda tun 1999 take ƙarƙashin hukumar gandayen ƙasa ta Tarayya mai dakarunta. Irin su Kagoro-Nindam ba katanga, ba ƙofa, ba mai yankan tikiti. Iyaka tana cikin taswira a ofis, a ƙasa kuwa gona ce ke matsowa taku-taku.

Jerin sunaye biyu

Ta yaya aka san dajin yana lalacewa, ba zancen tsofaffi ba ne kawai na "a da can"? An sani ne saboda wasu mutane sun zauna sun rubuta.

A 1986 wasu masu nazarin tsuntsaye su uku, Dyer da Gartshore da Sharland, suka buga jerin tsuntsayen dajin Nindam a mujallar Malimbus ta ƙungiyar masana tsuntsaye ta Afirka ta Yamma. Sharland ɗin nan ya daɗe a Kano, har ya yi rubutu a kan tsuntsayen jihar. Abin da ya ja hankali a jerin nasu shi ne tsuntsayen kurmi zalla, waɗanda aka saba samu can Kudu da ƙasar Kwango, ga su a cikin Jihar Kaduna. Wannan ne ya sa lokacin da ƙungiyar BirdLife International ta fitar da wurare mafi muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka a 2001, Kagoro-Nindam ya shiga cikin wurare 27 na Najeriya, sahu ɗaya da Yankari da Gashaka-Gumti da dausayin Haɗeja-Nguru.

Bayan shekara ashirin, masana biyu 'yan Najeriya, Jacinta Abalaka da Shiiwua Manu, suka koma dajin suka sake ƙidaya. A 2007 suka buga sakamakon a mujallar Ostrich, kuma tun daga kan sunan takardar sun kira shi daji mai lalacewa, suka nuna yadda tsuntsayensa suka canja. Ba don jerin farko ba, da ba su da abin aunawa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai son aikin sa kai ya fahimta: biro da littafi kayan aikin tsare daji ne, kamar adda da fartanya.

Wani zai ce, to ina ruwan wani da tsuntsu, mutane na fama da abin da za su ci? Tambaya ce mai kyau. Ana ƙirga tsuntsu ne don shi ne ya fi saurin nuna halin da daji yake ciki. Ana ganinsa, ana jin kukansa, ba sai an kafa tarko ba. Wanda ba ya iya rayuwa sai a duhuwa shi ke fara ɓacewa da zarar an sare manyan itatuwa rana ta shigo, sai tsuntsayen fili su maye gurbinsa. Sannan su kansu masu shuka ne. Cilakowa da hasbiya da jemage suna cin 'ya'yan itace a nan su kasayar da ƙwallon a can. Dajin da ya rasa su, ko an bar shi, da ƙyar yake sake tofowa.

Ƙidayar da kowa zai iya shiga

A da wannan aiki na Turawa ne da malaman jami'a. Yanzu ba haka ba ne. A ƙauyen Laminga kusa da Jos, cikin ƙaramin dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, tana aiki tare da Jami'ar Jos. A 2015 ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa kai ne ƙashin bayansa: ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikata, masu yi wa ƙasa hidima. Har ƙungiya 'yan Arewa suka kafa mai suna Arewa Atlas Team, suna haɗa kuɗin mota su shiga garuruwan da ba a taɓa ƙirgawa ba.

Tsarin ba shi da wuya. An yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Ka zaɓi gida ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu kana zagayawa, ka leƙa bakin rafi, gona, dutse, bayan gari, duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kuma ka tabbata da shi ka shigar a manhajar BirdLasser a wayarka, ita za ta ɗauki wurin da lokacin. Kana da har kwana biyar kafin ka rufe katin ka aika. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani: kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba. Jerin tsuntsu 20 na gaskiya ya fi na 60 da aka cika da zato.

Wahalar farko ita ce sunaye, domin manhajar ba ta san shamuwa da balbela da burtu ba, sai sunan Turanci. Amma ɗan ƙauye da ya tashi da danƙo a hannu ya riga ya ci rabin karatun. Ya san kuka, ya san inda kowanne ke sheƙa, ya san watan da yake zuwa. Maharbin da ya ajiye bindiga ya fi mai digiri ido a daji, abin da ya rage masa kawai a haɗa shi da mai waya. A ganina nan ne ake asara mafi girma: ilimin yana bakin tsofaffi, ba wanda ya zauna ya ɗauka.

Wuta

In ka tambayi mutane me ke cin daji, za su ce masu injin yanka katako da masu gawayi. Gaskiya ne. An ga abin da ya faru da madobiya, wadda 'yan kasuwa suka bi daji-daji suna lodawa zuwa Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta sa mata takunkumi a 2017. Amma akwai ɓarawon da ba ya zuwa da mota, shi ne wuta, kuma shi ne wanda 'yan sa kai suka fi iya tararwa.

Ga yadda take yi. Kurmi mai lafiya ba ya cin wuta, saboda ƙasarsa a jiƙe take kuma ba ciyawa a ƙarƙashinsa. Da zarar an sare manyan itatuwa biyu uku a gefe, rana ta samu ƙofa, ciyawa ta fito ta yi tsawo da damina. Hunturu na busawa ta bushe ƙayau. Sai wani ya kunna: yaro mai neman gafiya ko gyazbi, makiyayi mai son sabon toho, manomi mai sharar gona, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta. Itatuwan fili irin su kaɗanya da doka suna da kaurin ɓawo, sun saba, za su tsira. Itatuwan kurmi ɓawonsu siriri ne, ƙananansu kuwa nan take suke mutuwa. Baɗi ciyawa ta ƙara shiga ciki, wuta ta bi ta. Haka dajin ke ja da baya ba tare da an ji ƙarar inji ba, har wata rana a ce ai nan dama fili ne, a kafa garma.

Maganin tsoho ne, malaman daji na da sun san shi. Ana share hanyar wuta a gefen daji, a nome ciyawa a fili mai faɗin 'yan mitoci a kwashe ta, tun damina na ɗaukewa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Sannan a yi ƙunar wuri: a sa wa ciyawar waje wuta da gangan tun tana da sauran ɗanye, da sassafe ko da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye a hannu. Irin wannan wuta a kwance take tafiya, ba ta da zafi, ta cinye abin da wutar Janairu da Fabrairu za ta ci. In ta baya ta zo sai ta tarar ba abinci.

Aikin ba ya buƙatar digiri, ba ya buƙatar dala. Yana buƙatar mutum talatin ko arba'in da adduna a rana ɗaya, da tuwo, da wanda ya san iyaka. Wato gayya. Kuma kalmar ba baƙuwa ba ce a Kafanchan: Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, wadda aka kafa a 1996, sunan da ta sa wa shirinta na 'yan sa kai ke nan, duk da cewa ita ta fi ba da ƙarfi ga lafiya da koyar da kwamfuta da ƙananan rance. Abin lura dai, ƙunar wuri a bakin gandun gwamnati ba abin da mutum zai tashi ya yi da ra'ayinsa ba ne. Sai da ma'aikatan gandun daji da masu gonakin da ke maƙwabtaka, in ba haka ba a je gyara a ƙone wa wani rumbu.

Dashe, da abin da ke biyo bayansa

Dashen itace shi kowa ya fi sani, kuma shi aka fi yi wa ƙarya. Duk mun ga irinsa: a kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Sau da yawa ma damina ta kusa ƙarewa. Kafin Kirsimeti awaki sun gama da su. Dashe na gaske ana yin sa ne da zarar ruwa ya zauna, Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin rani. A kewaye da ƙaya, a nome gindi, a tare wuta. Lissafin da ke da amfani shi ne nawa suka rayu bayan rani na farko. Nawa aka dasa, wannan lissafin 'yan jarida ne.

Sai kuma me za a dasa. Duk wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Jos ya san mahaɗar da direbobi ke kira Fores, kafin Hawan Kibo, inda itatuwan tik na gandun Nimbiya suke jere. Wannan gonar katako ce, kuma tana da amfaninta, domin duk katakon da aka samu a can an rage wa kurmi nauyi. Amma tik da malaina da turare baƙin itatuwa ne, ba sa mayar da kurmi. Mai son gyara gefen Nindam irin wurin zai tara: maɗaci, kawo, atile, loko, ɗorawa. Kowanne da halinsa. Kalwa sai an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta yi saurin tsira. Ƙwallon kaɗanya kuwa ba ya jira, in bai shiga ƙasa da ɗanyensa ba ya mutu, kuma wanda ya shuka zai yi shekara 15 ko fiye kafin ya ga 'ya'ya. Renon irin nan a leda aiki ne da makarantar firamare ko ƙungiyar mata za ta iya riƙewa a bayan aji. Ga ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa, ga masu yi wa ƙasa hidima da dama doka ta ware musu ranar aikin al'umma kowane mako.

Abin da ɗan sa kai ba shi ba ne

Ba ɗan sanda ba ne, ba ɗan banga ba ne. Ba ya kama kowa, ba ya ƙwace gatari. In ya ga ɓarna ya rubuta wuri da rana, ya kai wa ma'aikatan gandun daji da mai unguwa ko hakimi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makamai, wannan aikinsu daban, na fuskantar 'yan bindiga ne.

Zancen 'yan bindiga kuwa dole a yi shi. Akwai masu cewa, kuma ba don mugunta ba, daji maɓoyar ɓarayi ne, gara a share kowa ya huta. Wanda aka sace wa ɗan'uwa aka shiga da shi daji ba za ka yi masa wa'azin tsuntsu ba. Amma a dubi Birnin Gwari. Dajin da ɓarayi suka fi jin daɗi shi ne wanda ƙafar mutanen kirki ta ɗauke daga cikinsa, ba ma'aikaci, ba mai bincike, ba wanda ya san wace hanya ce sabuwa. Guntun kurmi da mutanen gari ke shiga kowane mako, suna share iyakarsa, sun san kowane kwari, ya fi wuyar zama sansani. Duk da haka ba a shiga daji a kudancin Kaduna da ka. Ranar da mutanen wurin suka ce kada a shiga, ba a shiga.

Sai maganar da ta fi nauyi. Duk wanda ya san Kafanchan ya san 1987, ya san 2011. A cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda rikicin ne ya kawo su Kudu. Dajin nan yana ƙasar mutanen Kagoro ne da maƙwabtansu, kuma duwatsun suna da daraja a wurinsu tun kafin a san wani abu gandu. Bikin Afan da suke yi kowace ranar 1 ga Janairu, sunansa ma dutse yake nufi a harshensu. Bahaushen da ya zo aikin daji a nan, ko haifaffen Kafanchan ne, ta ƙofa zai shiga: a gai da sarki, a nemi dattawa, a tafi da ɗan gari. Haka kuma duk tsarin hana wuta da aka yi ba a zauna da arɗo ba, an yi aikin banza, domin makiyayi ma yana da bukata a wurin kuma ya fi kowa sanin inda wuta ke tashi. Ban ce share hanyar wuta zai sasanta abin da shekaru suka ɓata ba. Amma rafin da ya ƙafe ba ya tambayar addinin mai tulu, kuma ba aiki da yawa ne suka rage da za su sa Bakagore da Bafulatani da Bahaushe su tsaya a layi ɗaya da adda ba don faɗa ba.

Wani abu kuma da masu zuwa daga birni ke mantawa: sa kai yana da sauƙi ga mai albashi. Matar da ke sarar itace tana sayarwa don kuɗin makaranta ba za ka ce ta bari don Allah kawai ba. Shi ya sa Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980 kuma ita ce abokiyar BirdLife a ƙasar nan, take bin tsarin kafa ƙungiyoyin mutanen wuri a gefen irin waɗannan dazuzzuka, a haɗa tsaro da abin samu, kamar kiwon zuma da murhu mai cin itace kaɗan. Mai amya a daji shi zai fara gudu ya kashe wuta. A Amurum ma abin da ya riƙe dajin shi ne mutanen Laminga sun ga 'ya'yansu na aiki a cibiyar.

Mu da ke Kudu fa?

Hannunmu na ciki ta hanyoyi biyu. Na farko gawayi. Mai shayi, mai tsire, mai gasa masara, mai guga, uwargida da murhun Abacha tun da gas da kananzir suka yi tsada, duk da shi muke aiki, kuma 'yan'uwanmu na cikin masu dillancinsa. Gaskiya gawayin Ikko da Badun ya fi fitowa daga Oke-Ogun da Kwara, na kudancin Kaduna Abuja da Kaduna da Kano yake nufa. Amma lissafin ɗaya ne. A irin ramin da ake ƙonawa a gargajiyance, buhu ɗaya yana cin itace ninkin nauyinsa sau biyar ko fiye, kuma wanda aka fi so mai nauyi ne, na kirya da marke da kaɗanya, masu daɗewa kafin su girma. Ba wanda zai ce wa mai shayi ya rufe tebur. Amma murhu mai rufi da ke rage ci riba ce a aljihunsa tun kafin a zo maganar daji.

Na biyu ya fi ɗaci. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Wadda a da sai an kore ta, tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Cikin manyan abubuwan da suka gama da ita a Najeriya akwai cinikin kanta da sassanta a kasuwannin magungunan gargajiya, har da na nan Kudu maso Yamma, kuma kayan da yawa daga Arewa ake kawo su. Mun san masu kawowa, wasu a zango ɗaya muke kwana. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa in suka yi magana a kan wannan za a ji, fiye da duk wata takardar da za a liƙa a bango.

Wanda kuma yake son ya taɓa aikin da hannunsa ba sai ya jira ya je gida ba. Taswirar tsuntsayen nan ta haɗa har da Agege da Sabo da Ama Hausa, kowace unguwa tana cikin wani gida. A Ikko akwai cibiyar NCF ta Lekki, hekta 78 na daji a tsakiyar gine-gine, tana buɗe tun 1990. A Badun akwai dajin da ke cikin harabar IITA, shi ma yana cikin wuraren nan 27, kuma akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da ke fita a can, suna karɓar sabon shiga ko bai da madubin hangen nesa. Wata shida mutum na bin su zai iya cika kati shi kaɗai.

In ya tashi zuwa gida, sai ya duba wata. Mai zuwa Yuni ko Yuli ya tarar da dashe. Mai zuwa Oktoba ko Nuwamba ya tarar da sharar hanyar wuta, ya taho da takalmi mai rufi saboda maciji. Mai zuwa hutun Disamba kuwa ya zo lokacin da tsuntsayen Turai suka sauka yin hunturu, jerin ya fi tsawo. A fita da asuba, kafin ƙarfe tara daji ya yi shiru. Ƙungiyoyinmu na 'yan Kafanchan da Jama'a mazauna Kudu da ke tara kuɗin gyaran masallaci da maƙabarta, kuɗin adduna ashirin da leda dubu ta renon iri da buhun shinkafar ranar gayya bai kai abin da ake kashewa a walima ɗaya ba.